Sun sauya haɗin bitamin C, sun ce yanzu na masu fata mai gautsi ne: in sake gwadawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni baƙa ce, kuma fatar fuskata ba ta da juriya ko kaɗan. Bara na sayi siram ɗin bitamin C mai kashi 20 saboda tabon kuraje. Duk shafawa sai ya yi min raɗaɗi, daga baya fuskar ta fara saɓa, tabon kuma maimakon ya dushe sai ya ƙara duhu, na ajiye shi. Yanzu kamfanin ya fito da sabon haɗi, an rubuta cewa na masu fata mai gautsi ne. Da na duba baya na ga ascorbyl glucoside a inda da aka rubuta ascorbic acid. Gaskiya ne ya fi sauƙi, ko dabarar kasuwa ce? Kuma zai yi aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sauyin da kika gani na gaske ne, ba kwali kawai aka sabunta ba. Muddin an cire ascorbic acid an sa ascorbyl glucoside, to abin da ke cikin kwalbar ya zama wani abu daban, kuma ina kyautata zaton ba zai yi miki raɗaɗin da wancan ya yi ba. Sai dai ba a banza aka samu sauƙin ba. Aikinsa ya fi na wancan jinkiri, kuma binciken da aka yi a kansa a jikin mutane bai kai na tsohon yawa ba. Duk da haka, ga mai fata irin taki, ni shi zan zaɓa miki, kuma dalilina yana cikin abin da ya faru da tabonki bara.

Ascorbic acid shi ne bitamin C tsantsa, wanda fata ke amfani da shi kai tsaye. Ayyukansa uku ne sanannu: yana kashe guba-gubar da hasken rana da hayaƙi ke haifarwa a cikin fata, yana taimaka wa jiki wajen saƙa kolajin, wato zaren da ke riƙe fata ta tsaya da kyau, sannan yana rage saurin sinadarin da ke ƙera launin fata. Matsalarsa ita ce shiga. Saman fata maiƙo ne, shi kuwa abin ruwa ne, ba ya ratsawa sai an ba shi wani yanayi na musamman. Wani likitan fata na Jami'ar Duke da ke Amurka, Sheldon Pinnell, shi da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a fatar alade a 2001, suka nuna cewa sai tsamin ruwan ya sauka ƙasa da 3.5 a ma'aunin pH kafin bitamin ɗin ya shiga, kuma shigarsa tana ƙaruwa ne har zuwa kashi 20 cikin 100, daga nan ƙari ba ya amfani. Daga wannan binciken kamfanoni suka ɗauko lambar 20 da kike gani a jikin kwalabe.

To fatar mutum mai lafiya tana zaune ne tsakanin 4.5 da 5.5 a wannan ma'aunin, kuma duk mataki ɗaya da aka sauka, tsami ya ninka sau goma. Ke nan siram mai pH 3 ya fi fatar da ke kan 5 tsami sau ɗari. Fata mai ƙwari tana shanye wannan, ta ɗan yi tsikari na daƙiƙoƙi ta wuce. Fatar da samanta ya riga ya yi rauni kuwa, ruwan yana isa ga jijiyoyin jin zafi da sauri, kuma kowace shafawa tana ƙara buɗe raunin. Raɗaɗin da kika ji ke nan, saɓar da ta biyo baya kuma alama ce ta cewa fatar ta gaza.

A 2005 mutanen Duke ɗin suka sake fitar da wani haɗi: ascorbic acid kashi 15, bitamin E kashi 1, da rabin kashi na ferulic acid, suka nuna cewa ƙara ferulic ɗin ya ninka kariyar da fata ke samu daga ɓarnar rana, daga ninki huɗu zuwa takwas. Shi ne haɗin da kamfanin SkinCeuticals ke sayarwa da sunan C E Ferulic, kuma shi kamfanoni da yawa suka yi shekaru suna kwaikwayo. Haɗi ne mai hujja, ba na musun wannan. Amma an tsara shi ne a kan tambayar yadda za a cusa bitamin mai yawa cikin fata, ba a kan tambayar wace fata ce za ta iya ɗauka ba.

Nan ne maganar ta shafe mu mu baƙaƙe fiye da kowa. Ƙwayoyin da ke ƙera launi a fatarmu suna da saurin amsawa. Duk abin da ya ɓata wa fata rai, ko ƙurji ne, ko ƙuna, ko cizon sauro, ko man da ya yi mata ƙarfi, amsarsu ɗaya ce: su zuba ƙarin launi a wurin. Tabon kurajen da kike yaƙi da shi ta wannan hanyar ya samu. Da kika ɗora masa ruwa mai tsami kullum, ɗan hasken da bitamin ɗin ke kawowa bai kai duhun da ƙunar ke haifarwa ba, sai aka tashi da asara. Garin neman gira aka taɓa ido. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, gargaɗin da ake rubutawa a jikin kayan nan yawanci cewa yake a daina idan fata ta yi ja. Farar fata ce ke yin ja a gani. A tamu jan yana ɓuya, sai mace ta yi makonni tana ƙona fuskarta ba ta sani ba. Alamomin da za ki duba su ne fuska ta riƙa ɗaukar zafi, ki ji ta ɗaure bayan wanka, ta yi wani ƙyalli marar kyau kamar an ja ta, gefen hanci da kewayen baki su yi furu-furu, ko man da kika saba shafawa lafiya ya fara yi miki zafi. Saboda wannan ne nake ganin a wajenmu, bitamin C mai rauni da za a iya shafawa wata uku ba fashi ya fi mai ƙarfin da zai ƙona fuska a mako biyu.

Yanzu ga abin da aka yi a sabon haɗin naki. Ascorbyl glucoside bitamin C ne da aka liƙa wa ƙwayar sukari a daidai wurin da iska ke fara lalata shi. Kamfanin Hayashibara na Japan ne ya shahara da ƙera shi, kuma an daɗe ana sa shi a kayan rage tabo a can. Wannan liƙin ya yi abu biyu. Ya sa sinadarin ba ya saurin lalacewa, ya kuma sa ana iya haɗa shi a pH 5 zuwa 7, kusa da na fata, ba sai an tsananta tsami ba. Idan ya shiga, akwai wani sinadari a cikin fata da ke cire sukarin sannu a hankali, bitamin ɗin ya fita ya yi aikinsa. Ke nan fata ba ta karɓar abin gaba ɗaya a lokaci guda, kaɗan-kaɗan yake zuwa mata.

Rauninsa ma daga nan yake. Sai ya tsallake shinge biyu: ya ratsa fata tukuna, sannan a warware shi. A kowane shinge ana rasa wani abu. Ga kuma lissafin nauyi da 'yan talla ba sa faɗa: kusan rabin nauyin ascorbyl glucoside sukari ne, don haka kwalbar da aka rubuta wa kashi 10, bitamin C ɗin da ke cikinta bai wuce kashi 5 da 'yan kai ba, ko da dukansa ya warware. Yawancin abin da aka sani game da shi daga ɗakin gwaji ya fito, ko daga ƙananan bincike, wasu ma masu ƙera shi ne suka ɗauki nauyi. Ban ce ba ya aiki ba. Ina ganin amfaninsa a fuskokin mutane. Abin da nake cewa shi ne kada ki kwatanta lambar gaban wannan kwalbar da ta waccan ki ɗauka abu ɗaya suke aunawa.

Kada raguwar lamba ta karya miki gwiwa. A 2004 wasu likitoci a San Luis Potosí ta ƙasar Meziko sun gwada mata 16 masu irin baƙin nan da ke shimfiɗuwa a kumatu da goshi, wanda muke kira melasma. Gefen fuska ɗaya aka shafa ascorbic acid kashi 5 kacal, ɗaya gefen hydroquinone, wato wani maganin rage baƙin fata, kashi 4, na tsawon mako 16. Hydroquinone ya fi shi aiki, kashi 93 sun ga sauyi mai kyau, shi kuwa kashi 62.5. Amma illa ta bayyana a kusan kashi 69 na gefen hydroquinone, a gefen bitamin C kuwa kashi 6 ne da ɗoriya. Binciken ƙarami ne, amma ya nuna cewa ba sai an kai 20 ba kafin a ga amfani. Shi ya sa wasu kamfanonin da suka sabunta haɗinsu ba su bar ascorbic acid ba, rage shi kawai suka yi zuwa kashi 5 ko 8 ko 10, wasu suka zuba garinsa cikin mai marar ruwa, wasu suka naɗe shi cikin ƙananan ƙwayoyi don ya riƙa fita a hankali. Mai marar ruwan nan ba lallai ne ya yi sauƙi ba, domin da zarar garin ya taɓa danshin fata sai ya narke ya koma tsami.

Tunda tabonki na kuraje ne, akwai wani ɗan'uwansa da nake so ki riƙe sunansa: sodium ascorbyl phosphate. Shi ma ba ya buƙatar tsami, yana zaune lafiya a kusa da pH 7. An gwada mai kashi 5 a Amurka a kan masu kuraje na mako 12, aka buga sakamakon a 2010, kuma kurajen sun ragu fiye da na waɗanda suka shafa man da babu shi. Idan har yanzu sababbin kuraje suna fito miki, shi ya fi dacewa da ke, domin duk ƙurjin da bai fito ba tabo ɗaya ne aka rage. Magnesium ascorbyl phosphate shi ma mai sauƙi ne. Wani bincike na Japan a 1996 ya ga haske a mutum 19 cikin 34 da suka shafa mai kashi 10, ko da yake a gwajin Pinnell bai ƙara yawan bitamin C a cikin fata ba. Tetrahexyldecyl ascorbate kuwa na mai ne, yana daɗi a busasshiyar fata, ga tsada, amma abin da ke bitamin C a nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin shida ne kawai, saura maiƙo ne aka liƙa masa. Sai 3-O-ethyl ascorbic acid, wanda ya yi tashe a 'yan shekarun nan. Yana da ƙarfi kuma ba ya saurin lalacewa, amma likitocin fata sun ba da rahoton mutanen da jikinsu ya ƙi shi suka yi bori, don haka ba da shi nake fara wa masu irin fatarki ba. Idan kuma kika ga ascorbyl palmitate can ƙasan jeri, sau da yawa an sa shi ne don ya hana man ciki lalacewa, ba don fuskarki ba.

Ba bitamin ɗin kaɗai ake sauyawa ba idan aka ce an sabunta haɗi, kuma sau da yawa ba shi ne ma babban mai laifi ba. Juya kwalbar ki bi jerin da yatsa. Ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, har a kai waɗanda ba su wuce kashi 1 ba, su ana iya jera su yadda aka ga dama. Idan kika ga alcohol denat a cikin biyar na farko, zai busar miki da fuska. Idan kika ga parfum ko fragrance, ko limonene, linalool, citral, ko man ɓawon lemu da ake rubutawa da citrus a farkon suna, to an sa ƙamshi, kuma ƙamshi yana sahun gaba cikin abubuwan da ke jawo borin fata daga kayan shafa. Kayan bitamin C sun fi kowa wannan ɗabi'a, domin ana so mai saye ya buɗe ya ji ƙamshin lemu ya gamsu, alhali bitamin C ba shi da ƙamshin lemu. Abin da ya kamata ki gani a haɗin da aka yi don fata mai gautsi da gaske shi ne glycerin, panthenol, ceramide, allantoin, squalane, da jeri gajere. Rubutun gaban kwali kuwa kada ya ɗauke miki hankali. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, da kanta ta ce kalmar hypoallergenic da ake rubutawa don nuna kayan ba sa saurin jawo bori ba ta da wani ma'auni a doka, kowane kamfani abin da ya ga dama yake nufi da ita.

Akwai tambayar da ba ki yi ba, wadda zan fara yi miki da a gabana kike: tun yaushe fatar taki ta zama marar juriya? Wasu haka aka haife su, musamman masu tarihin ƙaiƙayin fata ko asma a gida. Amma da yawa daga matan da nake gani, gautsin daga baya ya same su. Mace za ta zauna ta ce komai ƙona ta yake yi, har ruwan zafi. In na haska fitila a kumatunta sai in ga fatar ta yi siriri, ƙananan jijiyoyin jini sun bayyana, ga ƙananan kuraje masu kama ɗaya a jere, ga gashi ya fara tsirowa a inda da babu, gaɓoɓin yatsu kuma sun fi sauran hannu duhu. In na tambaya sai ta ce ita ba ta bilicin, man haɗi ne kawai wata ke yi mata, ko wani ɗan tub da ta saya a kyamis don kuraje ta ga yana sa haske ta ci gaba. A cikin irin waɗannan ake samun clobetasol ko betamethasone, magunguna masu ƙarfi da ake bayarwa na ɗan lokaci don cutar fata, waɗanda in aka daɗe ana shafawa suke cinye kaurin fata. Lamarin ya kai ga NAFDAC ta ayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya a 2023. Idan wannan ya shafe ki, babu siram ɗin da zai zauna miki lafiya, sabo ko tsoho, sai fatar ta warke. Kuma wadda ta yi watanni a kan irin wannan man kada ta yanke shi rana ɗaya, fuska tana iya yin bore sosai. Likita ne zai tsara mata yadda za ta sauka a hankali.

Ko ba bilicin, akwai abubuwan gida da ke kai fata ga wannan hali. Sabulun salo, kamar kowane sabulu na asali, pH ɗinsa yana kaiwa 9 zuwa 10, in ana wanke fuska da shi safe da yamma yana kwashe maiƙon da ke kare ta. Dirzar fuska da soso, dilka a kai a kai, da kayan goge fuska masu tsakuwa-tsakuwa duk haka. Lemun tsami kuwa roƙonki nake ki nisanta shi da fuskarki. Tsaminsa ya fi na siram ɗin da ya ƙona ki, bitamin C ɗin da ke cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kashi 1 ba, sannan akwai sinadarai a jikinsa, musamman a ɓawo, da in rana ta doke su a kan fata sukan bar ƙuna da baƙin tabo na watanni. Daka ƙwayar bitamin C ta sha a kwaɓa a shafa ma ba mafita ba ce, ba ki da yadda za ki auna tsaminta.

Saboda haka kafin ki buɗe sabuwar kwalbar, ki ba fuskarki hutun mako biyu zuwa huɗu. Abin wanke fuska mai sauƙi marar ƙamshi, man danshi marar ƙamshi, da man kariya daga rana, shi ke nan. In wani wuri ya bushe sosai, ɗan basilin ko man kaɗe mai tsabta da dare ya wadatar, sai dai ki kauce wa inda kuraje ke fitowa idan kin lura yana ƙara su. Alamar kin shirya ita ce ki wanke fuska ki shafa mai ba ki ji komai ba. In da hali kuma kada ki fara a tsakiyar hunturu, lokacin da iska ke tsotse danshin fata har leɓe ya tsage. A lokacin ko fata mai ƙwari takan yi ƙorafi.

Sai gwaji. Ki shafa ɗan kaɗan a lanƙwasar gwiwar hannu ta ciki, wuri kamar faɗin kwabo, safe da yamma, kwana bakwai zuwa goma. Kwana ɗaya bai isa ba, domin ɓacin fata iri biyu ne. Akwai na ƙuna, wanda ke zuwa nan take da raɗaɗi, kuma yana raguwa in aka rage yawa. Akwai na bori, wanda jiki ne ke ƙin sinadarin, shi kuma yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya fito, da ƙaiƙayi, da ƙananan ƙuraje ko kumburi, wani lokaci har ya wuce inda aka shafa. Na biyun ba ya sabo, rage yawa ba ya maganinsa, barin kayan ne kawai. In hannu ya wuce lafiya, ki gwada a gefen muƙamuƙi na wasu kwanaki, sannan ki hau fuska.

A fuska, ɗigo biyu ko uku sun isa. Ki bari ta bushe sarai bayan wankewa, domin jiƙaƙƙiyar fata ta fi jan abu ciki, raɗaɗi ya fi yawa. Ki kauce wa fatar ido, gefen hanci da kusurwar baki. Mako biyun farko sau biyu ko uku a mako, in lafiya ki koma tsallaken kwana, sannan kullum da safe. In kina tsoro, ki fara shafa man danshi siriri sannan ki ɗora siram ɗin a kai. Ɗan tsikarin da bai kai minti ɗaya ba ana iya haƙuri da shi. Zafin da ya zauna, ko ya dawo washegari, umarni ne ki tsaya. Kuma duk mai sayarwar da ta ce miki kurajen da suka feso ko saɓar da kike yi alama ce ta man yana fitar da datti, ki ci gaba, kada ki saurare ta. Wannan bayanin ya yi wa fuskoki da yawa illa, kuma bitamin C ba ya aiki ta wannan hanyar.

A watan farko kada ki haɗa shi da wani sabon abu, don in matsala ta taso ki san mai laifi. Daga baya, in kina amfani da retinol ko glycolic acid ko salicylic acid, su koma dare, shi ya tsaya da safe. Benzoyl peroxide na kuraje yana lalata bitamin C in suka haɗu, a raba musu lokaci. Maganar da ke yawo cewa ba a haɗa shi da niacinamide, wani nau'in bitamin B3 na shafawa, tsohon zance ne da ya samo asali daga gwaje-gwajen da aka yi da zafi mai yawa. A irin haɗin da kike da shi yanzu suna tafiya tare lafiya, kamfanoni ma suna zuba su a kwalba ɗaya. In kina da ciki ko kina shayarwa, bitamin C na shafawa ba a san shi da matsala ba. Retinol da hydroquinone ne ake ajiyewa.

Man kariya daga rana ba zaɓi ba ne a wannan tafiya, in babu shi kuɗin siram ɗin asara ne. Bitamin C yana rage ɓarnar rana amma ba ya tare ta. Ki nemi mai SPF 30 ko sama, wato lambar ƙarfin kariya da ake rubutawa a jikinsa. An kuma gano cewa a fata mai duhu, hasken da ido ke gani ma yana ƙara baƙin tabo, ba ɓoyayyen hasken rana kaɗai ba, kuma mai ɗan launi wanda aka rubuta iron oxides a jerinsa ya fi tare wannan, ga shi ba ya barin fuska fari-fat kamar an shafa toka. Mata kan tambaye ni batun alwala. Siram ɗin da kika shafa da safe ya riga ya shige kafin azahar. A gwajin Pinnell ma sai bayan kusan kwana huɗu rabin ascorbic acid ɗin da ya shiga fata yake ƙarewa. Man kariyar rana ne ruwa ke ragewa, shi za ki sake shafawa in za ki fita bayan salla.

Ta fuskar ajiya, sabon haɗin ya fi dacewa da ƙasarmu nesa ba kusa ba. Ascorbic acid tsantsa ba ya jure zafi, haske da iska. Kamar yadda goro ke sauya launi bayan an ɓara shi an ajiye, haka ruwan ke tashi daga fari ko ruwan ƙwai mai haske, ya koma ruwan lemu, ya ƙare a ruwan shayi. Ki ɗiga ɗaya a farin tishu ki gani: in ya kai launin lemu mai duhu ya gama aiki, abin da ya rage sai ya rina miki fata da farce, ya kuma ƙara miki raɗaɗi. Ki tuna tafiyar da kwalba ke yi kafin ta iso hannunki, daga kwantena a tashar jirgin ruwa, zuwa bayan mota, zuwa kantar shago a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, zafi ya haura 40. Da yawa sun mutu tun ba a buɗe su ba. Ascorbyl glucoside da sodium ascorbyl phosphate sun fi jure wannan wahala. Duk da haka ki zaɓi kwalba mai duhu ko mai famfo da iska ba ta shiga, ki sayi ƙarama, ki ajiye a wuri mai sanyi da duhu, ba banɗaki ba, ba jikin taga ba. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, ki saya a inda kika amince, domin jabu ya yi yawa. Duk man da aka rubuta wa bitamin C ya kuma haskaka mutum cikin mako ɗaya, akwai wani abu a ciki da ba a rubuta ba.

Game da abin da za ki sa rai: fata tana ɗaukar kusan wata guda kafin ta sabunta samanta, don haka kada ki yanke hukunci kafin mako takwas zuwa goma sha biyu. Abin da za ki fara gani shi ne fuska ta yi sumul, launinta ya daidaita, sababbin tabo su riƙa dushewa da wuri. Ba zai sauya miki launin da Allah ya ba ki ba, kuma tsohon tabo mai zurfi, wanda ya yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi, yakan ɗauki watanni masu yawa ko ya buƙaci wani magani. Ki ɗauki hoto ranar farko a bakin taga da safe, ba hoda, ki sake ɗauka a wuri ɗaya duk ƙarshen wata, domin madubin kullum ba ya nuna sauyin da ke tafiya a hankali. In wata uku suka cika hotunan ba su bambanta ba, ko sabon haɗin ma ya ƙi zama miki, ki koma kan azelaic acid kashi 10 ko niacinamide kashi 4 zuwa 5, dukansu suna da hujja mai kyau a kan tabon kuraje kuma fata mai duhu tana ɗaukarsu. In kuwa fuska ta kumbura, ko ta yi ruwa, ko ido da leɓe suka tashi, ki wanke, ki daina komai, ki je asibiti a ranar, ki tafi da kwalbar da kwalinta da duk sauran abin da kike shafawa don likita ya karanta jerin da kansa.